Yadda Jama'ar Shehu Ta Koma Sarauta

Duk wanda ya ɗan yi karatu ya san labarin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya san Tabkin Kwatto, ya san cin Alƙalawa. Abin da ba a cika ba da labarinsa ba shi ne abin da ya biyo bayan nasara, sa'ad da manyan biranen Hausa suka faɗi, aka bar 'yan'uwa da ƙasa mai faɗi a hannu, aka shiga tunanin wanda zai riƙe ta. Wannan labari ba shi da daɗin ji kamar na farko, gama a cikinsa waɗanda suka yi salla a sahu ɗaya su ne suka ja daga da juna. Amma ya kamata a san shi, don ta nan ne Jama'a ta koma sarauta.

Kafin mu shiga, bari mu ɗan leƙa wata ƙasa mai nisa, don irin wannan al'amari ya taɓa samun waɗansu mutane tun da daɗewa. A ƙasar Italiya akwai wani birni wai shi Roma. Bisa ga lissafin mutanensa, cikin shekara ta 509 kafin haihuwar Annabi Isa suka kori sarkinsu, suka sha alwashin ba za su ƙara yin sarki ba. Suka riƙa zaɓen shugabanni biyu kowace shekara, da majalisar dattawa mai ba da shawara. Suka yi fiye da shekara 450 a kan haka. Da ƙasarsu ta yi faɗi, ganima ta yi yawa, sai sarakunan yaƙi suka fi majalisa ƙarfi, don mayaƙi ya fi jin maganar wanda ke ba shi rabo. Mariyus da Sulla suka gwabza, sa'an nan Yuliyas Kaisar ya juyo da rundunarsa kan garinsu cikin shekara ta 49, aka kashe shi cikin ta 44. Magajinsa ya gama da sauran abokan hamayya cikin ta 31, cikin ta 27 kuma majalisa ta ba shi laƙabin Agustas. Sunansa ne a ke kiran watan Agusta da shi har yau. Mutumin nan mai wayo ne ƙwarai, bai taɓa yarda a ce masa sarki ba. Ya bar majalisa tana zama kamar da, amma mulki ya tare a gidansa.

Sakkwato dabam, Roma dabam. Romawan wancan zamani gumaka su ke bauta wa, Jama'ar Shehu kuwa addini ne ya tara su. Duk da haka tambayar da ta sha musu kai iri ɗaya ce, watau in jama'a ta ci ƙasa wa zai riƙe ta, in kuma ya mutu wa zai gaje shi.

Mutanen da suka taru wurin Shehu a Ɗegel ba su kira kansu da sunan wata ƙasa ko wata kabila ba, Jama'a kawai a ke ce musu. Akwai Fulani, akwai Hausawa, akwai Buzaye, girman mutum kuwa iliminsa ne. Ran 21 ga Fabrairu 1804 suka yi hijira zuwa Gudu saboda tsanantawar Sarkin Gobir Yunfa. A can ne, a gindin wani faru, suka ga ba dama a zauna ba shugaba, suka zaɓi Shehu, suka yi masa mubaya'a ya zama Amirul Muminina. Ƙanensa Abdullahi ne ya fara miƙa hannu, sa'an nan ɗansa Muhammadu Bello. Ka lura, mai karatu, ba gadon kowa Shehu ya ci ba, ba kuma tambari aka buga masa ba. A cikin littafinsa Kitabul Farƙi, inda ya jera abubuwan da suka bambanta mulkin Musulunci da na sarakunan da ya tarar, ya zargi sarakunan nan da cin sarauta ta hanyar gado da fin ƙarfi ba tare da shawara ba. Ya zarge su da karɓar gaisuwa da kuɗin gari, ya kuma ambaci sunayen sarautunsu cikin abin da bai yarda da shi ba.

Yaƙi ne ya fara sauya Jama'a. A Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, an kashe musu mutum wajen 2,000, a cikinsu wajen 200 mahaddata Alƙur'ani ne. Malami ba ya samuwa dare ɗaya, amma mai kwari da baka yana samuwa. Sahun da malamai suka bari sai waɗanda ganima ta kawo suka cike shi. Cikin 1805, a kan hanyar Alwasa, mayaƙa suka washe wani gari da ke da amana da Jama'a, shugabanni suna hani ba mai ji. Abin ya ci wa Malam Abdullahi rai, har cikin 1807 ya bar rundunar da ta nufi Alƙalawa, shi da 'yan mutane kaɗan, ya yi gabas da nufin tafiya Makka ya huta da ganin abin da ya ke gani. Ya faɗi dalilinsa da kansa a cikin Tazyinul Waraƙati: ya ga mutane sun koma neman mulki da dukiya da dawaki da ƙwaraƙwarai. Da ya isa Kano mutanenta suka riƙe shi, ya karantar da su, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda a ke mulki bisa shari'a, sa'an nan ya komo gida. A lokacin nan ko Alƙalawa ba a ci ba tukuna, sai cikin Oktoba 1808.

Cikin 1809 Bello ya gina ganuwar Sakkwato. Shehu kuwa ya koma Sifawa, ya janye jiki daga sha'anin mulki, ya duƙufa ga karantarwa da wallafa. Cikin 1812 ya raba aikin ƙasa, ya ba Abdullahi yamma, ya ba Bello gabas, Sarkin Yaƙi Aliyu Jeɗo kuma ya riƙe wajen arewa. Daga wannan rabo ne rigimar farko ta tsiro.

Akwai wani malami Ba'are wai shi Abdussalami, yana cikin manyan almajiran Shehu, kuma shi ne babba cikin shugabannin Jama'a waɗanda ba Fulani ba. Tun kafin hijirar Gudu ya riga ya yi tasa hijira, ya zauna a Gimbana da mutanensa. Garin nan nasa ne mayaƙan Yunfa suka ci a ƙarshen 1803, suka biyo da kamammu ta kusa da Ɗegel, mutanen Shehu suka kwance su. Watau dai wutar jihadin nan a gidan Abdussalami ta fara kamawa. Da aka zo rabo sai aka ba shi 'yan garuruwa kaɗan a ƙarƙashin Abdullahi. Ya ga abin bai kai wahalarsa ba, ya fara faɗaɗa hannunsa. Shehu ya kirawo shi kusa, daga baya aka bar shi ya zauna a Kware, arewa da Sakkwato, tafiyar da ba ta kai yini ba. Ya yi wa garin ganuwa, mutane suka yi ta ƙaura zuwa gare shi.

Ran 20 ga Afrilu 1817 Allah ya karɓi ran Shehu a Sakkwato, Allah ya ƙara masa yarda. Malam Abdullahi yana Boɗinga. Kafin ya iso, manyan da ke cikin gari sun riga sun yi wa Bello mubaya'a, labari kuwa ya nuna ko da ya zo ya tarar an rufe ƙofa. Ya juya, ya koma Gwandu, bai ja daga ba, amma kuma bai yi mubaya'a ba. Mutane da yawa sun ɗauka shi ne zai gaji Shehu, gama shi ne waziri, ya girme Bello, ba kuwa wanda ya ke shakkar iliminsa. Masu goyon Bello su ma suna da hujja: shi ya gina garin, shi ya ja rundunar da ta ci Alƙalawa, sarakunan gabas kuma da shi suka saba. Bello malami ne na gaske, ba wanda zai ce bai cancanta ba. Sai dai ko ta yaya aka duba, abin da ya auku ran nan shi ne ɗa ya gaji ubansa, kuma 'yan mutane kaɗan ne a cikin ganuwa suka yanke shawarar.

Rasuwar Shehu ta sa ƙasashe da yawa suka tayar, musamman Zamfara. Abdussalami ya buɗe ƙofar Kware ga waɗanda suka gudo daga hannun hakimai, ya kuma yi ciniki da waɗanda Sakkwato ke gaba da su. Wasiƙu suka yi ta kai da kawowa tsakaninsa da Bello. Shi yana cewa zalunci ya yi yawa, ana cin dukiyar talakawa, ba a kuwa tilasta wa Musulmi biyayya ga azzalumai ba. A cikin wata wasiƙa har ya zana yadda aka raba ƙasa tsakanin dangin Shehu da manyan Fulani, don a ga shi ba shi da wani rabon kirki. Bello yana amsa masa da cewa in akwai mai zalunci a kawo ƙara a hukunta shi, amma wanda ya haɗa kai da abokan gaban Musulmi ya fita daga Jama'a. Duk wannan muhawara mun same ta ne daga littafin Bello mai suna Sardul Kalami. Ya kyauta da ya kawo wasiƙun abokin gabansa a ciki, ba kowane mai nasara ke yin haka ba. Amma mai karatu ya riƙa tunawa, da bakin wanda ya ci yaƙin mu ke jin maganar wanda aka ci.

Da magana ta ƙi, sai aka koma ga takobi. Aka yi ta fafatawa a ƙarshen 1817, farkon 1818 kuma Kware ta faɗi. Abdussalami ya fita da rauni, ya nufi Zamfara, ya rasu a Bakura. Shekara goma sha huɗu ke nan bayan da aka kwance mutanensa a hanyar Ɗegel.

Sauran mutanensa suka taru a Kalambaina, kusa da Gwandu, suka addabi Malam Abdullahi, har ya kasa cin garin shi kaɗai. A nan ne aka yi abin da ya tsirar da daular. Wajen 1820 Bello ya taso da runduna daga Sakkwato ya taimaki baffansa, aka ci Kalambaina. Da suka haɗu bayan yaƙi, Bello ya yunƙura zai sauka daga doki don girmama ƙanen mahaifinsa, sai Abdullahi ya yi masa ishara ya zauna, shi ya sunkuya ya gaishe shi da sunan Amirul Muminina. Daga ran nan Gwandu ta tsaya ga gidan Abdullahi, Sakkwato ga zuriyar Shehu, waziranci kuma ya zauna a gidan Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u. Buhari ɗan Abdussalami shi ma daga baya ya shirya da Gwandu, ya zauna a Jega. A ganina a nan ne mutanen Sakkwato suka fi Romawa. Da Abdullahi irin su Sulla ne, da ya tara mayaƙan yamma ya zo ya fasa ƙofar da aka rufe masa, da kuwa daular ba ta kai shekara ashirin ba.

Sulhun nan ya kawo zaman lafiya, amma shi ne kuma ya tabbatar da gado. Tun daga Bello har zuwan Turawa an yi Sarakunan Musulmi goma sha ɗaya. Shida daga gidan Bello su ke, huɗu daga gidan ƙanensa Abubakar Atiku, ɗaya kuma shi ne Ahmadu Rufa'i ɗan Shehu, wanda ya yi mulki daga 1867 zuwa 1873. Ba a taɓa waiwayar wani malami daga waje ba, kome iliminsa. Masu zaɓe su ma, irin su Waziri da Sarkin Yaƙi da Magajin Gari da Magajin Rafi da Galadima, kowa gadon gidansu ya ke ci. Ribaɗin da aka kakkafa don tsaron iyaka, aka zuba 'ya'yan gidan Shehu a ciki, suka zama gidajen sarauta: Wurno, Raɓa, Isa, Cimmola, Tambuwal. Har sunaye suka juya. Amirul Muminina ya zama Sarkin Musulmi a bakin mutane, masu tuta suka zama Sarkin Kano da Sarkin Katsina da Sarkin Zazzau kamar waɗanda suka kora. A Kano, Ibrahim Dabo, wanda ya hau cikin 1819 ya tarar da tawaye ko'ina, ya nemi izinin Sakkwato ya maido da waɗansu sarautun da don ya iya riƙe ƙasa, aka ba shi. Agustas ya ɓoye sabon mulki a ƙarƙashin tsofaffin sunaye. A nan kuwa tsofaffin sunayen da aka kora ne suka komo, suka hau kan sabon mulki.

Kada a ɗauka an koma gidan jiya ɗungum. Alƙalai sun tsaya, shari'a tana da ƙarfi, Waziri yana kewaya ƙasashen gabas yana duba sarakuna, Sarkin Musulmi kuma yana iya tuɓe wanda ya kauce. Akwai kuma abu guda da ya isa yabo. Cikin dukan shekarun nan ba a taɓa samun 'ya'yan sarauta biyu sun kafa daga a ƙofar Sakkwato don neman gadon Shehu ba, alhali a Roma akwai shekarar da aka yi Kaisar huɗu, uku daga cikinsu ba wanda ya mutu a kan shimfiɗarsa. Wanda bai samu ba a Sakkwato ya kan haƙura, ko kuwa ya yi nisa. Umaru Nagwamatse ɗan Atiku ya yi kudu ya kafa Kwantagora, Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Bello, ya yi gabas zuwa Adamawa. A ƙasashen da ke ƙarƙashin Sakkwato ne wutar ta kan tashi. Wajen 1850 Sarkin Haɗejiya Buhari ya ƙi tuɓewar da aka yi masa, ya kori rundunar da aka aika masa, ya zauna bisa gadonsa da ƙarfin tsiya har ya mutu cikin 1863.

Mafi muni duka shi ne na Kano. Cikin 1891 aka naɗa Abdurrahman ɗan Atiku Sarkin Musulmi, mutum mai zafin rai da taurin kai, har a ke masa laƙabi Ɗanyen Kasko. Cikin 1892 ya kai yaƙi Argungu, Sarkin Kabi Sama'ila ya kore shi. A yaƙin nan Galadiman Kano Tukur, ɗan Sarkin Kano Bello, ya nuna jaruntaka, abin ya zauna a zuciyar Sarkin Musulmi. A Kano kuwa gidan Dabo ya riga ya rabu biyu. Sarki Abdullahi Maje Karofi ya daɗe yana mulki, ya bar 'ya'ya masu yawa. Ƙanensa Bello da ya gaje shi sai ya yi ta tuɓe su daga sarautu yana share wa ɗansa hanya. Da Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Waziri Buhari yana Kano. Ya san inda zuciyar mutanen gari ta ke, wajen Yusufu ɗan Abdullahi, ya kuwa ba da shawara kada a naɗa Tukur. Sarkin Musulmi ya ƙi ji, ya ce sai Tukur. Waziri ya naɗa shi ba da son ransa ba.

Yusufu da 'yan'uwansa suka fita gari, suka tare a Takai, garuruwan kudu da gabas suka yi ta bin su, waɗansu da so, waɗansu da tilas. Farmakinsu na farko a kan birni bai yi nasara ba, Tukur kuwa ya karkashe waɗanda ya kama, abin da ya ƙara nisanta shi da mutane. Ana cikin haka Yusufu ya rasu a Garko cikin 1894. Yusufawa da manyan bayin gidansu suka ɗora ƙanensa Aliyu, wanda a ke kira Alu. Zaɓen nan da hikima aka yi shi, gama mahaifiyar Alu 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, suna ganin Sakkwato ba za ta daɗe tana fushi da jikanta ba. Sarkin Musulmi ya aika wa sarakunan da ke maƙwabtaka da Kano su taimaki Tukur, yawancinsu suka yi ta jan ƙafa. Cikin daminar 1894 Alu ya fasa ganuwa ya shiga Kano. Tukur ya fita zuwa Kamri ta wajen iyakar Katsina, aka bi shi, aka ci shi a Tafashiya cikin Maris 1895, nan ya sami raunin ajalinsa. An hallaka mutane da yawa, an kuma sayar da 'ya'ya Musulmi kamar bayi, kowane gefe yana cewa ɗayan ne ɗan tawaye.

Wannan yaƙi shi a ke kira Basasa. Malamai ne suka aro sunan daga wani yaƙi da aka yi tsakanin kabilu biyu 'yan'uwa na Larabawa, Bakar da Taglib, kafin zuwan Musulunci, a kan taguwar wata mata mai suna Basus. Tun daga nan duk yaƙin da 'yan ƙasa ɗaya suka yi da juna sai Bahaushe ya ce yaƙin basasa, har da wanda aka yi a Nijeriya daga 1967 zuwa 1970.

Dubi nisan da ke tsakanin Kware da Takai. Abdussalami da Bello, kome aka ce game da son rabo, da ayoyi da hadisai suka yi jayayya, a kan mene ne zalunci, wane ne kuma ya wajaba a bi. A Basasa ba wanda ya ce ɗan'uwansa ya sauya addini ko ya kawo wata sabuwar koyarwa. Jikokin mutum ɗaya ne suka yi faɗa a kan ko ɗan wane ne zai shiga Gidan Rumfa. Ƙarshenta dole Sakkwato ta amince da Alu, watau da wanda ya ci sarauta da takobi bisa saɓa wa umurninta, sauran sarakuna kuwa duk suna kallo.

Alu bai taka Sakkwato ba muddin Abdurrahman yana da rai. Da ya rasu cikin Oktoba 1902 aka naɗa Attahiru ɗan Ahmadu, sai Alu ya ɗauki manyan mayaƙansa ya tafi yin mubaya'a, don a ɗinke abin da ya yage. Yana can yamma Turawan Ingila suka ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903. Ran 15 ga Maris suka iso Sakkwato, aka kara a Giginya, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, ya yi shahada a Burmi cikin Yuli. 'Yan kwanaki bayan cin garin Gwamna Lugga ya ce masu zaɓe su taru su fitar da wani kamar yadda suka saba. Suka taru, suka fitar da Muhammadu Attahiru na biyu, ɗan Aliyu Babba, daga gidan Bello, Lugga ya tabbatar da shi ran 21 ga Maris.